'Yan Daudu a Dandalin Biki: Kiɗansu, Rawarsu da Zumuncinsu

Salla a garin sarauta irin Keffi iri biyu ce. Akwai ta rana, wadda kowa ya sani: a sauko daga idi, Sarki ya hau, a yi wa dawakai kwalliya, mutanen Tudun Ƙofa da Yara da Gangaren Tudu da Liman Abaji su cika titi suna kallo. Akwai kuma ta dare, wadda ba a cika rubuta labarinta ba: kalangu da goge a bayan tasha, fitilu a farfajiyar otal, ƙamshin soyayyar kaza, liƙi da guɗa har a kusa kiran assalatu. A garuruwan Hausa, tun daga Maraɗi da Katsina har Kano da Zariya, wannan salla ta dare ta daɗe da mutanenta, kuma a sahun gaba akwai 'yan daudu.

Keffi ba baƙuwa ba ce ga abin da ke faruwa a waɗannan birane. Bayan da Abdu Zanga ya kafa ta wajen shekarar 1800, ta daɗe ƙarƙashin Zazzau, kuma tana kan hanyar fatake masu gangarowa kudu. Yau kuma ga Abuja a kusa, ta Masaka da Mararraba da Nyanya. Duk abin da ya taso daga Arewa, malami ne ko makaɗi, ɗan koli ne ko mai sayar da abinci, wannan hanya yake bi. Saboda haka labarin 'yan daudu da dandalinsu labarinmu ne mu ma, ko mun so ko mun ƙi.

Su wane ne 'yan daudu?

Ɗan daudu namiji ne da ya ɗauki ɗabi'un mata a magana da tafiya da sana'a. Za ka gan shi da riga da hula kamar kowa, sai dai in ya zo aiki ya ɗaura zane a kan wando, ya saɓa ɗankwali a kafaɗa, yana magana yana karya wuya yana tafa hannu. A tsakaninsu da sunan mata suke kiran juna: "ke", "ƙawata", "uwata", "'yar nan". Da yawansu suna da aure da 'ya'ya, suna salla suna azumi, wasu sun sauke farali. Mutum ɗaya sai ya zama Alhaji a unguwa, Hajiya a cikin ƙawaye.

Mutanen gari kan haɗa daudu da neman maza. Gaskiya ne akwai masu yi a cikinsu, waɗanda a yarensu suke ce wa masu harka. Amma ba kowane ɗan daudu ne mai harka ba, kuma ba kowane mai harka ne ɗan daudu ba. Abin da ya tara su a fili abu uku ne: sana'a, zumunci da wasa.

Sana'ar ita ce abinci. A zamanin da matan aure suke kulle, matafiyi kuma ba shi da inda zai ci tuwo a baƙon gari, 'yan daudu ne suka riƙe murhu a tasha da bakin kasuwa da Sabon Gari. Tuwon shinkafa da miyar taushe, waina, farfesu, doya da ƙwai, kaza soyayya da yaji: direba da ɗan kamasho da ɗan kasuwa duk sun san hannunsu. Masu hali kan ɗauko su girkin biki, domin suna da ƙarfin juya babbar tukunya, suna kuma da gwanintar ɗanɗano. Waɗansunsu kuma suna zaune a gidajen mata masu zaman kansu, ƙarƙashin magajiya, suna kawalci tsakanin matan da masu zuwa wurinsu. Daga baya da yawa sun haura Jidda da Makka suna sayar wa alhazai abincin gida.

Zumuncin kuwa gida ne sosai. Yaron da aka kora daga gidan ubansa saboda yadda yake tafiya ko magana, in ya faɗo birni, wani babban ɗan daudu ne zai ɗauke shi. Shi ne uwar ɗakinsa. Zai ba shi wurin kwana, ya koya masa wanke-wanke da yankan albasa kafin ya kai ga tukunya, ya raɗa masa suna, ya tsawata masa in ya yi ba daidai ba. Ranar da ya ƙware, uwar ɗakin ce za ta haɗa masa jari ya kafa nasa teburin.

Yadda ake bikin

A wurin biki ne ake ganin wannan zumunci ido da ido. Dalilin taron kan zama dawowa daga Makka, ko sunan ɗa, ko buɗe sabon wurin abinci, ko kuma ajo, wato wasan da mutum ke kirawa don a tallafa masa in ya shiga matsi. Lokacin salla ya fi daɗin taro, domin gari a cike yake, aljihu kuma da ɗan nauyi. A da da goro da alawa ake gayyata, daga baya aka koma buga kati. A fitar da anko, ƙawaye su taso daga garuruwa, kowace tawaga da uwar ɗakinta.

A da, bayan isha'i ake fara zama. An jera kujeru an bar fili a tsakiya, makaɗa sun zauna gefe guda suna ɗaure kalangai, magajiya da manyan baƙi suna gaba. Sanƙira ya miƙe ya fara kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka kira ba ya zabura. Sai ya bari makaɗi ya kama takensa, ya gyara ɗaurin zane, ya taso a hankali, kafaɗa na rausaya, ƙafa na jan ƙasa, ido a lumshe kamar bai san ana kallonsa ba. Gwanintar rawar a rangwaɗa take da yanga, ba a tsalle ba. Kafin ya kai tsakiyar fili guɗa ta tashi, ƙawaye sun biyo shi suna manna masa kuɗi a goshi, yaro na biye da faranti yana tsincewa.

Ba a liƙi a ɓoye. Sanƙira zai faɗi sunan wanda ya bayar da abin da ya bayar, kowa ya ji, domin biki bashi ne. Wanda ka yi wa yau, ranar naka zai mayar, kuma kunya ce ya mayar da daidai abin da ka ba shi ba tare da ƙari ba, kamar dai yadda matan Hausawa ke yi a tsakaninsu tun kaka da kakanni. Da kuɗin da aka tara a dare ɗaya ake sayen tukwane, a biya haya, a biya kujerar Makka, a yi jinyar marar lafiya, a yi wa wanda ya rasu sutura in danginsa sun guje shi. Mai wucewa rawa kawai yake gani, amma rayuwar mutane ce ake ɗinkewa a filin nan.

Sai kuma baki. Ba a taɓa raba ɗan daudu da habaici da karin magana. Biyu da ke da jiƙaƙƙa za su haɗu a fili, wannan ya yada magana ba tare da ya kama suna ba, wancan ya mayar da wadda ta fi ta zafi, 'yan kallo su kwashe da shewa a tafa. Wanda ya fusata ya kai hannu shi ya faɗi. Wannan fasaha ta shiga bakin gari har mutane suna amfani da ita ba su san daga inda ta fito ba, kuma masu wasan barkwanci sun ci abinci da ita: marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi fim sukutum mai suna Ibro Ɗan Daudu.

Kiɗan da ake takawa ba wani keɓaɓɓe ba ne, kiɗan gari ne. Kalangu irin wanda Mamman Shata, da ya rasu a 1999, ya kai ƙololuwa. Kukuma irin ta Ibrahim Na Habu da Ahmadu Doka da Hassan Wayam. Kiɗan ƙwarya na amada, wanda Uwaliya Mai Amada da Barmani Choge ta Funtuwa, da ta rasu a 2013, suka shahara da shi. Daga shekarun 1990 fiyano da waƙoƙin fina-finan Kano suka shigo, aka koma gidajen gala da na dirama, mai saka faifai ya fara karɓe wurin makaɗi.

Akwai kuma tsohuwar alaƙa da bori. In ana wasan bori a fili, garaya da buta na tashi, 'yan daudu kan halarta su yi rawa su yi kari, musamman in Ɗan Galadima ya hau, wato iskan nan ɗan sarki mai son ado da kyauta. Fremont Besmer ya rubuta wannan a littafinsa kan borin Kano na 1983. Renée Pittin ta yi nazarin zamansu da mata masu zaman kansu a Katsina, sannan Rudolf Gaudio, wanda ya zauna da su a Kano a shekarun 1990, ya fitar da littafinsa Allah Made Us a 2009.

Yadda fili ya ƙuntata

Malamai sun daɗe suna wa'azi a kan daudu da bori, amma gari ya saba kau da kai: a yi musu dariya, a ci abincinsu, a kira su girki. Abin ya canja bayan da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, jihohi goma sha biyu har da ita suka bi wannan tafarki. Aka rufe gidajen mata da wuraren kiɗa da yawa, aka kafa Hisba. 'Yan daudu da dama suka bar sana'a, waɗansu suka gangaro garuruwan da ke kewaye da Abuja. Jihar Nasarawa ba ta cikin jihohin sha biyu, amma dokar tarayya da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta game ƙasa duka: shekara 14 ga auren jinsi, shekara 10 ga wanda ya kafa ko ya shiga kulob ko ƙungiyar masu wannan hali.

Kame ya biyo taruka. A 2007 an kama maza 18 a wani otal a Bauchi. A 2017 an kama mutum 53 a Zariya. A Disambar 2022 Hisbar Kano ta kama 19. Duk bisa zargin bikin auren jinsi ne. Sakamakon haka shi ne ko bikin suna ɗan daudu ya kira, yana yi ne da fargaba. Taron da a da ake yi a fili da sanƙira ya koma ɗaki, gayyata ta koma waya. Wanda kuwa aka tura ɓuya, asibiti ma tsoron zuwa yake, cuta ta ci shi a ɓoye ta kuma yaɗu.

Can a Amurka

Mai son fahimtar abin da ke cikin irin wannan dandali ya dubi Shikago. A 1977 aka buɗe wani gidan rawa mai suna Warehouse, mafi yawan masu zuwa baƙaƙen fata ne maza masu neman maza, waɗanda farar fata suka ƙi saboda launinsu, coci da dangi kuma suka ƙi saboda halinsu. Mai saka musu faifai, Frankie Knuckles, yana haɗa tsofaffin waƙoƙin disko da bugun ganga na inji don kada rawa ta yanke har gari ya waye. Daga nan aka sami kiɗan hawus, wanda yau ake takawa daga Landan har Johannasbag da Legas. A Niyok, Larry Levan ya yi irin wannan aiki a Paradise Garage daga 1977 zuwa 1987. A unguwar Harlem kuma irinsu Crystal LaBeija sun kafa gidaje, kowane da uwarsa mai riƙon yaran da aka kora, ana gasar ado da taku da baƙar magana. Duk wanda ya san uwar ɗaki da anko da habaici ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Su ma an tsangwame su. A Yulin 1979 dubban mutane suka taru a filin wasa na Comiskey Park a Shikago aka tarwatsa tarin faya-fayen disko ana murna. Amma birnin ya dawo ya amsa cewa kiɗan nasa ne. A 2004 aka sa wa titin da Warehouse yake sunan Frankie Knuckles, a 2023 aka sa ginin cikin wuraren tarihi, kuma hukumar birnin da kanta take shirya bikin kiɗan hawus a fili, tsoho da yaro su fito su taka.

Keffi ba Shikago ba ce, kuma addininmu da dokarmu ba irin nasu ba ne. Hukuncin da malamai suka faɗa a kan namiji ya kamanta kansa da mace sananne ne, ba wanda ya ɓoye shi. Sai dai addinin nan ne kuma ya hana bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurat, ya tsananta a kan ƙazafi, ya hana kowa ɗaukar doka a hannunsa. Mutanen da suka ciyar da matafiyanmu shekara da shekaru, suka dafa abincin aurenmu, suka riƙe yaran da mu muka kora, bai kamata a ci moriyar ganga a ya da kwaurenta a kansu ba.

Kirana biyu ne. Ga ɗaliban harshe da tarihi na Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, da na Bayero da Ahmadu Bello: tsofaffin makaɗa da sanƙirori da masu abincin tasha suna ƙarewa, a je a ɗauki bayaninsu tare da sakaya sunansu, tun kafin a wayi gari sai a littafin Bature za mu karanta al'adar garinmu. Ga sauran jama'a kuma, daga Tudun Ƙofa har ko'ina: in kana ganin ɗan daudu a kan kuskure, yi masa nasiha da addu'a kamar yadda za ka yi wa ɗan cikinka. Kada ka jefe shi, kada ka tara masa yara, kada ka ƙona masa rumfa. Ɗan wani ne, kuma haƙƙin maƙwabtaka bai faɗi a kansa ba.