Shin Ko Kun San? Gidan Asturiyawa na Birnin Tampa

Shin ko kun san cewa a birnin Tampa na jihar Filorida, a Amurka, akwai wani katafaren gini da leburorin taba 'yan ci-rani daga Sifaniya suka gina da guminsu? Sunansa Centro Asturiano, wato cibiyar mutanen Asturiyas, wani yanki na arewacin Sifaniya.

• Unguwar Ybor City, inda ginin yake, ta samo sunanta daga attajirin taba Vicente Martínez Ybor, wanda ya kafa ta a tsakiyar shekarun 1880. Masana'antun sigari na unguwar ne suka jawo dubban masu naɗin sigari da hannu daga Kuba, Sifaniya da Italiya.

• Tun 1891 Sifaniyawan garin suna da ƙungiya mai suna Centro Español. Sai dai a farkonta ba ta ɗaukar nauyin jinyar mambobi. Baƙo kuwa idan ciwo ya kayar da shi, ba uwa ba uba a kusa, wa zai duba shi? Wannan ya sa a 1902 aka kafa Centro Asturiano, a matsayin reshen uwar ƙungiyar da ke Habana ta Kuba, wadda ta fara a 1886.

• Tsarinsu mai sauƙi ne: kowa ya zuba ɗan abin da aka yanka a kai a kai, ƙungiya ta ɗauke masa likita, magani da gadon asibiti. A 1905 suka buɗe asibitinsu na kansu. Har maƙabarta suka mallaka, shi ya sa ake cewa suna riƙe mutum daga haihuwa har kabari.

• Ƙungiyar likitocin yankin ba ta ji daɗin wannan tsari ba, har ta riƙa juya wa likitocin da ke yi wa irin waɗannan ƙungiyoyi aiki baya. Duk da haka ma'aikatan ba su ja da baya ba.

• Gobara ta cinye gidan ƙungiyar a 1912. Bayan shekara biyu kacal, a 1914, suka buɗe wanda ke tsaye yau a titin Nebraska. A cikinsa akwai zauren wasan kwaikwayo mai kujeru kimanin 1,000, da zauren biki, da ɗakin karatu, da wurin da maza ke taruwa bayan tashi daga aiki suna shan gahawa da buga domino.

• A 1936, lokacin da tattalin arzikin Amurka yake a durƙushe, gidan ya karɓi rukunin 'yan wasan kwaikwayo da harshen Sifaniyanci a ƙarƙashin wani shirin gwamnatin tarayya.

• A 1974 aka sa ginin cikin kundin wuraren tarihi na ƙasa. Asibitin ya rufe a 1990, amma gidan yana nan a buɗe, ana bukukuwa da wasanni a ciki.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Talakawan da suka haɗa kwabo da kwabo a baƙuwar ƙasa sun bar abin da ya haura shekara 100 yana amfanar jikokinsu.