Kuɗin Sallama Ba Ya Zuwa Sau Biyu: Sabon Gida Ko Tsoho?

Duk shekara dubban ma'aikata ke ajiye aiki a Najeriya, wasu sun cika shekara 60 da haihuwa, wasu sun cika 35 suna aiki, kuma kusan dukkansu burinsu ɗaya ne: a samu gidan da za a ƙarasa rayuwa a ciki ba tare da mai gida ya aiko karɓar kuɗin haya ba. Burin ba shi da laifi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a ce mutumin da ya shekara talatin yana tantance fayil, yana mayar da takarda don kawai ba a buga hatimi inda ya dace ba, shi ne zai kwashi kuɗin sallamarsa kaf ya miƙa wa kamfani a kan hoton gidan da aka zana da kwamfuta.

Wani dattijo da muke sallah a masallaci ɗaya, wanda ya yi ritaya daga wata ma'aikatar tarayya, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Tun kuɗinsa ba su shigo ba, 'yan tallan wani kamfanin gine-gine sun riga sun san watan da zai bar ofis. Suka zo masa da takarda mai sheƙi: ɗaki uku da falo, titi da kwalta, fitilun sola, masallaci a tsakiya, ƙaramin asibiti a bakin get. Suka ce rukunin gidajen don 'yan fansho aka tsara shi musamman, kuma duk wanda ya biya gaba ɗaya kafin a fara gini za a yi masa rangwame mai tsoka. Aka saka shi a mota mai sanyi aka kai shi bayan gari, aka nuna masa gida ɗaya tal da aka gama, wanda shi ake nuna wa kowa. Sauran wurin fili ne da turaku. Ya dawo baki har kunne. Da wani daga cikinmu ya ce, "Alhaji, ka kuwa ga takardar filin?" sai ya ce haba, ai babban kamfani ne, ofishinsu ma bene ne.

Ya biya. Aka fara gini har ya kai linta. Sai aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni, dalar da ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba ta haura 1,500 a farkon 2024. Buhun simintin da ake saye wajen naira 5,000 ya kai 10,000 a wurare da dama. Kamfani ya aiko da wasiƙa cikin ladabi: ko Alhaji ya cika kuɗi bisa sabon farashi, ko a mayar masa da nasa in an samu wani mai saye, bayan an cire kaso na ɗawainiya. Nan ne ya ɗauko yarjejeniyar ya karanta, karatun farko ke nan. A can ciki, da ƙananan baƙaƙe, akwai sharaɗin da ya ba kamfani damar sake farashi in kayan gini sun tashi. Ranar miƙa makulli kuwa babu ita ko kaɗan, balle tarar jinkiri. Yanzu haya yake biya daga ɗan abin da ke shigowa ƙarshen wata, kangon kuma yana can ciyawa ta cika ɗakunan.

Ban ce kamfanin ɓarayi ne ba. Wataƙila da niyyar ginawa suka karɓa, tsada ta karya su. To amma ina ruwan ɗan fansho da niyyar wani? Wanda ya biya kuɗin gida tun ba a gina ba, bashi ya ba kamfani, ba riba ba jingina, kuma duk tashin da siminti da rodi za su yi a kansa zai ƙare. Matashi mai albashi zai iya wannan cacar, in ta ƙwaɓe yana da shekara ashirin na sake tarawa. Ɗan fansho fa? Tun dokar fansho ta 2004, wadda aka yi wa garambawul a 2014, ba a ba ma'aikaci duk abin da ya tara a dunƙule. Wani kaso ake ba shi, saura a riƙa gutsuro masa wata-wata. Ɗan abin da aka riƙa cirewa na asusun gidaje na ƙasa, kashi 2.5 na albashi, in ya bi sawu aka mayar masa, ba zai yi rufin ɗaki biyu ba. Bankin lamunin gidaje kuma da shekarun aikin da suka rage wa mutum yake lissafi. Wannan dunƙulen kuɗin shi ke nan, wani ba ya tafe. Yaya mai hankali zai yi cinikin biri a sama da shi?

Shi wannan salo na unguwar 'yan fansho daga waje aka kwaso shi, don haka yana da kyau a san yadda yake a can. A Amurka ya yi ƙarfi, tun da kamfanin Del Webb ya buɗe garin Sun City a jihar Arizona a farkon 1960. Mafi shahara a yau shi ne The Villages a Florida, inda aka tanadi gidajen don masu shekara 55 zuwa sama, jikan da bai kai shekara 19 ba kuma ziyara kawai zai kawo, ita ma kwana 30 a shekara. A can, wanda ya sayi sabon gida yakan tarar da wani bashi na daban a kan gidan, na tituna da magudanun ruwa, da zai yi shekaru yana biya, alhali tsohon gida sau da yawa mai shi ya riga ya rage wannan bashin ko ya gama da shi. A Ingila kuwa kukan da magada suka daɗe suna yi shi ne gidajen tsofaffi sukan faɗi ƙasa da kuɗin da aka saye su, kuɗin hidima yana ci gaba da hawa bayan mai gida ya rasu, ranar sayarwa kuma kamfani ya yanki nasa kaso. Wannan fa a ƙasashen da ake da doka da kotun da ke aiki da sauri ke nan. 'Ya'yanmu da ke zaune can, masu turo kuɗi a saya wa iyaye gida a irin waɗannan rukunai na gida Najeriya, su fi kowa sanin haka.

Ba ina cewa sabon gida haramun ne ba. In an gama shi, ka shiga ka buɗe famfo ruwa ya zo, ka kunna fitila ta kama, akwai mutane a ciki suna kwana suna tashi, to yana da daɗinsa: kwano sabo, waya sabuwa, za ka yi shekaru ba ka nemi birkila ba. Sai dai ka tambayi takarda. A yawancin rukunan nan takardar mallakar filin gaba ɗaya tana hannun kamfani, kai wasiƙar rabo kawai za a ba ka. In kamfanin ya kai waccan babbar takardar banki ya ci bashi, gidanka na cikin jingina ba ka sani ba. Ka ɗauki lauya naka, ba wanda kamfani ya nuna maka ba, ya je ya bincika a hukumar filaye: AGIS in a Abuja ne, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna. Kuɗin binciken bai kai na ragon suna ba, amma sai ka ga mutum ya yi ƙyashinsa ya biya miliyoyi a makance.

Sannan ka tambayi kuɗin hidima: na masu gadi, na kwasar shara, na dizal ɗin burtsatse. Nawa ne bana, nawa ne bara, wa ke yanke shi? Fanshonka ba ya tashi yadda dizal ke tashi. Ka nemi dokokin unguwar a rubuce. Akwai inda ba a yarda ka ƙara ɗaki ba, ba a kiwo, ba a buɗe shago a jikin katanga. Hajiya da ta saba da kajinta da tumakinta da ɗan cinikin ƙanƙara, ka tambaye ta kafin ka kai ta inda za a aiko mata da takardar tara.

Tsohon gida, wato wanda wani ya zauna a ciki, shi na fi karkata gare shi ga mai ritaya, don dalili ɗaya: duk aibinsa ya riga ya fito. In bango zai tsage ya tsage. In unguwar ba ruwa, 'yan garuwa za ka gani suna kai da kawo. Ga maƙwabta, ga masallaci, ga itace ya yi inuwa. Amma shi ma da nasa ramukan, kuma mafi zurfi shi ne gado. Dillali zai kawo maka babban ɗa ya ce shi ne wakili, ku yi ciniki, ka biya, ka yi fenti, sai ga wata ƙanwa daga gidan aurenta da sammaci, ta ce ba da yawunta ba. Kada ka biya ko sisi sai ka ga takardar rabon gado daga kotu, ko sa hannun kowane magaji, mata da maza, gaban shaidu da mai unguwa. Ka bincika ko an jinginar da gidan. Ka bincika kuɗin ƙasa na shekara-shekara, domin a 2025 hukumar Abuja ta soke takardun filaye sama da 4,000 saboda an yi shekaru ba a biya ba. Ka duba bashin wuta, don sau da yawa a kan mita ake barinsa. Kuma a tuna, ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, sauya sunan mai takardar mallaka yana buƙatar amincewar gwamna, a Abuja kuma ta minista. Mutane da yawa suna tsallake wannan don gudun kashe kuɗi, su ajiye takarda mai sunan wani a ƙarƙashin katifa. Ranar da suka faɗi, marayu ne za su yi ta jelen kotu.

Yanzu ga abin da na fi so a ji, sabo ne ko tsoho. Ka je ka gani da idonka, kuma ka je da damina. Ban san me ya sa mutanenmu suka fi son cinikin gida da rani ba, lokacin da kowane kwari ke kama da tudu. Dillali ya san abin da yake yi in ya kai ka a watan Fabrairu. Ka jira Agusta, ranar da aka kwana ana ruwa, ka tashi da sassafe ka tafi ba tare da ka gaya masa ba. Motar haya tana shiga layin, ko a bakin titi za ta sauke ka? Ina ruwan unguwar yake bi? Ka dubi gindin katanga: in ka ga layin danshi ko gishiri-gishiri ya kai gwiwa, ko an yi sabon fenti daga ƙasa zuwa ƙugu kawai an bar sama, ruwa ne ya kwana a nan. Ka ɗaga kai ka dubi silin ko akwai taswirar yoyo. Ka buɗe murfin sokawe. Rukunin Trademore da ke Lugbe a Abuja gidaje ne na zamani masu get da masu gadi, amma a Yunin 2023 ambaliya ta shanye gidaje da motoci a cikinsa har hukuma ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i, kuma ba shi ne karon farko ba. Waɗanda suka sayi gida a ƙasan kwarin ba jahilai ba ne. Wataƙila da rani suka gani.

In ka je, kada ka tsaya ga maƙwabcin da dillali zai gabatar maka. Ka zauna wurin mai shayi, ka yi hira da mai gadi da ɗan acaɓa da mai wanki. Su ba su da la'ada a cinikin. Su za su gaya maka rabon unguwar da wuta, da ko taransifoma ta ƙone an bar mutane da karo-karo, da ko ɓarayi na haurowa, da dalilin da ya sa mai gidan ke son rabuwa da shi cikin gaggawa. Ka koma da dare ka ga wurin. Ka sake komawa ranar Juma'a ka ga cunkoso. Mutum zai yi kwana uku yana zagaya kasuwar dabbobi kafin ya sayi ragon layya, yana buɗe baki yana taɓa gadon baya, amma gidan da zai mutu a ciki ya gama cinikinsa cikin awa ɗaya a mota.

Kuma ka je da jikin da za ka kasance da shi nan da shekara goma sha biyar, ba na yau ba. Gidan sama yana burgewa a hoto, amma gwiwar ɗan shekara 75 ba ta san burgewa ba. In dole sai bene, a samu ɗaki da banɗaki a ƙasa. Tayil mai santsi a banɗaki ya kwantar da tsofaffi da yawa da karayar ƙugu. Ka taka da ƙafa daga ƙofar gidan zuwa masallaci ka ji ko za ka iya sau biyar a rana. Ka lissafa tafiyar asibiti mafi kusa da ƙarfe biyun dare, ba da rana ba. Ka lissafa kuɗin motar da 'yan uwa za su kashe kafin su zo gaishe ka, don yawancin sababbin rukunan nan arahar fili ce ta kai su bayan gari, kuma tsohon da aka raba da jama'arsa, daurin aure da jana'iza duk sai labari, ba ya daɗewa yake fara rama.

Wanda kuma ya ce shi lallai sai gidan da ba a gina ba, don rangwamen ya tsone masa ido, to aƙalla kada ya biya a dunƙule. A rubuta biya mataki-mataki: kaso kaza in an gama tushe, kaso kaza a linta, kaso kaza bayan rufi, ragowar ranar karɓar makulli, kuma kowane mataki sai ya je ya gani ko ya aiki injiniyansa. A rubuta ranar gamawa da abin da kamfani zai biya in ya saɓa. A soke sharaɗin sake farashi, ko a yi masa iyaka. Ya nemi a kai shi wani rukunin da kamfanin ya taɓa gamawa, ya ƙwanƙwasa ƙofa uku ya tambayi mazauna shekara nawa suka jira. Kuɗi kuma ta banki, cikin asusun kamfani, ba na wani manaja ba. In suka ce tsarinsu bai yarda da haka ba, Alhaji ya ɗauki hularsa ya yi musu sallama.