Mita 402 A Kan Babur Ɗin Da Ba A Ƙera Don Tsere Ba

A filayen tseren miƙaƙƙiyar hanya na Amurka, waɗanda ƙungiyar NHRA ta fara tsara wa ƙa'idoji bayan kafuwarta a 1951, agogo ne alƙali. Tazarar rubu'in mil ce, wato mita 402, babu kwana ko ɗaya. Nan wasu masu Kawasaki KLR650 kan kai baburansu a ranakun gwaji, ko da yake mai silinda ɗayan nan, da ya fito a 1987, an ƙera shi ne don kwalta da burji da daji.

Rigimar duk tana mita 18 na farko. Babur ɗin dogo ne, shokazobarsa mai laushi, tayoyinsa masu manyan haƙora waɗanda suka fi son ƙasa a kan kwalta. Fitila na komawa kore, idan mahayi ya saki kuloci farat ɗaya, bayan zai durƙusa, gaban ya ɗaga sama, wani lokaci har ya kifar da mai shi. Idan kuma ya yi ta jan sa, faifan kulocin ne zai ƙone. Shi ya sa gwanaye kan kwantar da ƙirji bisa tanki.

Daga nan sai faɗa da iska. Suzuki Hayabusa kan cinye tazarar cikin kusan daƙiƙa 10. KLR kuwa sai an ɗan jira shi. Mai shi bai damu ba. Abin da yake dubawa a takardar sakamako shi ne ko faifan sarƙar da ya sauya ya rage masa ko da rabin daƙiƙa.