Tsohon Soja Wanda Ya Rasa Ganinsa: Abin Da Ya Kamata Mutanen Gida Su Sani

Jama'ar Kura da Bunkure da ƙauyukan kewaye: Ni ma'aikacin ɗakin shan magani ne a wannan yanki namu na noman rani. Maganar da ke cikin wannan takarda a kan tsofaffin sojoji ce waɗanda suka makance, ko ganinsu ya yi rauni. Wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran mutanen gida, maza da mata, gama maganar ta shafi kowa.

'Yan mazan jiya iri iri ne. Kakanninmu da suka je yaƙin Bama daga 1943 zuwa 1945 yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Waɗanda suka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 yau sun haura shekara 70. Akwai waɗanda aka tura Laberiya tun daga 1990, da Saliyo daga baya. Akwai kuma samari da suka dawo daga Arewa maso Gabas, inda aka fara rikici a 2009. Waɗansu ɓaraguzan bom ne suka same su a fuska. Waɗansu kuwa sun dawo da idonsu lafiya, sai tsufa ko ciwon suga ya taɓa shi daga baya.

Wata rana wani tsohon kofur ya zo wurinmu da ciwon ƙafa, jikansa ɗan shekara tara yana yi masa jagora. Ranar makaranta ce kuwa. Na ce, "Baba, yaron nan ba ya zuwa makaranta?" Ya ce, "Ɗana, in ya tafi, wa zai kai ni bayan gida? Ni da mutum goma ke bin umurnina, yau ko buta sai an miƙo mini." To, ga hasara biyu a gida ɗaya: dattijo ya zauna bai iya kome, yaro kuma ya rasa karatu. Dukansu biyu kuwa ana iya kauce musu. Taimakon da ya fi amfani shi ne a shirya gida da hanya yadda mutum zai yi abubuwansa da kansa.

DA FARI A KAI SHI A DUBA IDON

Kada ku yanke hukunci a gida cewa ido ya mutu. An yi babban bincike a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 a kan mutanen da suka kai shekara 40 ko fiye. An tarar kusan 4 cikin 100 makafi ne. Cikin makafi 100 kuma, 43 yanar ido ce ta rufe su, wajen 17 hawan jinin ido ne. Binciken ya nuna 84 cikin 100 da an iya hana makantarsu, ko a warkar da ita.

Yanar ido tana warkewa. Likita ya kan cire ƙwayar da ta yi fari, ya sa wata ta roba mai haske a madadinta. Aikin bai cika wuce rabin sa'a ba, kashegari kuma a kan buɗe idon. Amma ku guji masu yawo ƙauye ƙauye suna tura yana cikin ido da allura. Binciken nan ya nuna mafi yawan idanun da aka yi wa haka sun zauna a makance.

Hawan jinin ido, watau gilakoma, dabam ne. Yana cin gani daga gefe a hankali, sau da yawa ba tare da zafi ba. Abin da ya ci ba ya dawowa, amma maganin ɗigawa na kullum yana tsare abin da ya rage. Wanda aka ɗora a kansa kada ya bari don ya ji sauƙi. Ciwon yana bin jini, saboda haka 'yan'uwansa da 'ya'yansa da suka kai 40 su ma su je a auna su.

A fara da asibitin da ke kusa, kamar Babban Asibitin Kura, a karɓi takardar turawa. A birnin Kano akwai Asibitin Ido na ECWA, wanda aka kafa tun 1943, da Asibitin Murtala, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa da asibitin soja na 44. A tafi da katin shaidarsa na soja da takardar sallama. Kada a sa ruwan albasa, ko fitsari, ko wani jiƙo a ido. Kada kuma a sayi maganin ɗigawa a kanti ba da iznin likita ba, gama waɗansunsu suna ƙara hawan jinin ido.

SHIRIN GIDA

In likita ya ce ganin ba zai dawo ba, ko kaɗan ya rage, sai a koma ga shirin gida. Ga dokoki bakwai:

1. Kowane abu ya sami wurinsa, kada a sake masa. Buta, da takalmi, da rediyo, da sanda, inda ya ajiye nan zai tarar. In tilas ta sa an kau da abu, a gaya masa.

2. A ɗaura igiya daidai ƙugu daga ƙofar ɗakinsa zuwa bayan gida, wata kuma zuwa zaure. A yi ƙulli a inda akwai kwana ko tudu.

3. Rijiya ta sami murfi mai ƙarfi, bakin masai kuma a rufe shi. A cike ramukan tsakar gida.

4. Kada a bar turmi, ko fartanya, ko lauje, ko tukunya mai zafi a kan hanyarsa. Igiyar shanya a ɗaga ta ta wuce kansa.

5. Ƙofa ta kasance a buɗe sarai ko a rufe sarai. Wadda aka bari rabi ita ke fasa goshi.

6. In an kawo abinci a ce, "Baba, tuwo yana gabanka, miya a dama, ruwa a hagu." Sa'an nan a bar shi ya ci da kansa.

7. A shimfiɗa masa abin salla a wuri ɗaya, a sa alama a bango wadda zai shafa ya san alƙibla.

Mai sauran gani kaɗan, haske da bambancin launi su ne abokansa. A shafa farar ƙasa a bakin ƙofa da kan dakali. A ba shi farin kwano a kan tabarma mai duhu. Da rana ya sa malafa saboda ƙyallin rana, da dare a ba shi tocila mai haske sosai.

SANDA DA TAFIYA

A nan mun saba yaro ya riƙe kan sanda yana gaba, makaho yana biye. Akwai dabarar da ta fi wannan, kuma saboda sojoji aka tsara ta. A 1944 wani ma'aikacin asibitin soja a Amurka, Richard Hoover, ya koya wa sojojin da suka makance tafiya da doguwar sanda mara nauyi. Ita ce farar sandar da a ke gani yau a ko'ina cikin duniya. Tun kafin wannan, a 1915, an buɗe gidan St Dunstan's a Landan domin koya wa makafin sojoji sana'a da karatu.

Ga yadda a ke yi. Tsawon sanda ya kai daga ƙasa zuwa ƙirji. A riƙe ta a tsakiyar jiki, bakinta yana gaba. A riƙa taɓa ƙasa dama da hagu, faɗin kafaɗu. Sa'ad da ƙafar hagu ta yi gaba, sanda ta taɓa dama; sa'ad da ta dama ta yi gaba, sanda ta taɓa hagu. Ta haka sanda ta kan riga ƙafa sanin rami ko dutse. In ba a sami farar sanda ba, gora siririya ma ta yi, a shafa mata farin fenti don masu babur su gane.

A fara koyo a tsakar gida, sa'an nan zaure, sa'an nan masallaci, sa'an nan majalisar abokansa. Hanya ɗaya a ke koya har ta zauna, kafin a ƙara wata. Babban mutum ya bi shi a baya, yana nuna masa alamu: katanga, bishiya, ƙarar injin niƙa. Soja ya riga ya saba da ƙirga taki da tafiyar dare, saboda haka ya kan koya da sauri.

In za ka yi masa jagora, kada ka ja shi, kada ka tura shi. Shi ne zai kama hannunka sama da gwiwar hannu, kana gabansa da rabin taki. Ka faɗa masa kafin ku hau ko ku gangara.

HATSARIN DA KE YANKINMU

Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ya ke bin kanal yana ratsa gonakinmu. Alheri ne, amma ga wanda ba ya gani hatsari ne. Gefen babban kanal siminti ne mai santsi, ruwan kuma yana da ƙarfi. Kada makaho ya bi bakinsa shi kaɗai, ko ya hau katakon tsallakawa. A koya masa gada ɗaya wadda zai riƙa bi tare da babba. Haka kuma babbar hanyar Kano zuwa Zariya, kada ya tsallaka ta ba jagora.

Mai ido ɗaya ya tsare shi ƙwarai. Kada ya yi feshin magani a gonar tumatir ko shinkafa. Wurin injin casa da wurin sheƙa ya sa tabarau saboda ƙaiƙayi. In maganin feshi ko taki ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta minti 15 ba tsayawa, a kawo shi asibiti ran nan.

SANA'A DA KUƊI

Kada a karɓe masa gona da sunan tausayi. Yana iya shuka a layi da igiya mai ƙulli-ƙulli. Yana iya kiwon tumaki da kaji, da tufkar igiya, da ɓarar gyaɗa, da ɗan tireda a ƙofar gida. Shawarar abin da za a shuka da lokacin sayarwa ta zauna a hannunsa, gama shi ne mai gida.

Fanshonsa hakkinsa ne. Takardun naira 100 da 200 da 500 da 1,000 girmansu ɗaya, saboda haka a ninke kowace iri dabam, ko a raba su aljihu aljihu. A maɓallan waya da na na'urar cire kuɗi, lamba 5 tana da ɗan tudu. Daga nan zai gane sauran, ya danna lambar sirrinsa da kansa. Kada ya sa hannu ko ya dangwala a takarda sai wanda ya amince da shi ya karanta masa. Manyan wayoyi suna da TalkBack ko VoiceOver masu karanta rubutu da murya, saƙon murya kuma ba ya bukatar ido. In fansho ya tsaya, a nemi ƙungiyar tsofaffin sojoji, watau Lijin, su nuna hanyar kai kuka ga Hukumar Fanshon Soja a Abuja.

Akwai kuma dokar kare naƙasassu wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu 2019. Ta hana nuna musu wariya, ta ce a fara sallamarsu a layi, ta kuma hana kowa ya yi amfani da naƙasasshe wajen bara.

ZUCIYARSA

In ka zo wurinsa ka yi sallama ka faɗi sunanka, in za ka tashi ka gaya masa. Ka yi magana da shi, kada ka tambayi ɗan jagora abin da Baba ya ke so. Kada a taɓa shi ba zato, gama wanda ya ga yaƙi ya kan firgita. Wanda bom ya tashi kusa da shi, a duba masa kunne ma. In yana mugun mafarki, ko ya daina cin abinci, ko yana cewa gara mutuwa, wannan ciwo ne mai magani. A kawo shi asibiti, kada a bar shi shi kaɗai. A riƙa kai shi suna da ɗaurin aure, a sa shi cikin shawara. Ku tuna Sahabi Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma ya yi ladanci, an kuma sha barin Madina a hannunsa.

Kofur ɗin nan da na ba ku labari, likita ya ce hawan jinin ido ne, ganin ba zai dawo ba. 'Ya'yansa suka ɗaura igiya, suka rufe rijiya, babban ɗansa ya yi wata biyu yana bin sa zuwa masallaci. Da ya komo karɓar magani ya ce mini, "Ɗana, yanzu ni ke kai kaina salla, yaron kuma yana aji huɗu."

Ran 15 ga Janairu kowace shekara a kan yi bikin tunawa da 'yan mazan jiya. Kada mu jira wannan rana. In akwai irin wannan dattijo ko saurayi a gidanku, ku kawo shi a duba idonsa cikin wannan mako, ku fara da igiya da murfin rijiya tun yau. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.