Mas'alar Ƙara Wa Motar Jeji Ƙarfin Inji

Fataken da, idan raƙumi ya gaza da kaya, abu biyu ne a gabansu: ko su rage masa kayan, ko su nemi raƙumin da ya fi shi. Amma zamani ya zo da motar jeji, watau irin su Land Rover da Land Cruiser da Hilux masu ja da ƙafa huɗu, ita kuwa ana iya cire mata inji a sa mata wani, ko a yi wa nata dabara har ya ƙara ƙarfi. Saboda haka wannan mas'ala ta zama abin muhawara a gareji da tashoshin mota, tun daga Kano har Agadas. Attajiri mai aika kaya ƙauyuka da damina ya ga motarsa tana nishi a kan tudu, sai bakanike ya ce masa, "Alhaji, ai inji ne ya yi mata kaɗan." Kafin ya kwance bakin jakarsa, ya kamata ya san abin da zai saya, domin a cikin wannan ciniki akwai dukiya, akwai kuma rayukan waɗanda motar za ta ɗauka.

Ƙarfi iri biyu ne

Da farko sai a bambanta abu biyu da mutane ke haɗawa su kira su da suna ɗaya. Akwai ƙarfin doki, ma'aunin da James Watt na ƙasar Sikotilan ya fito da shi a ƙarni na 18 domin ya gwada injinsa na tururi da dawakin da yake maye gurbinsu. Shi ne ke nuna yawan aikin da inji zai yi cikin lokaci, kuma shi ke ba mota gudu a kan kwalta. Akwai kuma ƙarfin murɗa ƙafa, watau abin da ke fizgo mota daga taɓo ko ya hau da ita tudu a hankali. Misalinsu kamar doki ne da takarkari. Doki ya fi gudu, takarkari ya fi ja, kuma mai son fitar da amalanke daga laka ya san wanda zai ɗaura.

To, wannan ƙarfi na biyu giya ce ke ninka shi. Shi ya sa aka yi wa motar jeji ƙaramar giya ta musamman, wadda idan direba ya shiga cikinta ƙarfin murɗawa yakan ninka sau biyu ko fiye, gudu kuwa ya ragu daidai da haka. Land Rover ta farko, wadda kamfanin Rover na Ingila ya nuna wa duniya a birnin Amsterdam cikin watan Afrilu na 1948, injinta lita 1.6 ne kawai, mai ƙarfin doki 50. Wadda aka yi mai shan man gas, lita 2.25, ƙarfinta doki 62 ne. Ƙananan motocin gida na yau da yawa sun fi su. Duk da haka da irin waɗannan aka ratsa dazuzzukan Afirka shekara da shekaru, lokacin da yawancin hanyoyi ba su san kwalta ba.

Abin da masu ƙera motar suka yi da kansu

Hujja mafi ƙarfi a wannan babi ita ce aikin masu motar da hannunsu. A 1979 kamfanin Land Rover ya ɗauki babban injin fetur mai silinda 8, lita 3.5, wanda ke cikin Range Rover tun 1970, ya sa shi cikin doguwar Land Rover ta aiki. A cikin Range Rover wannan inji yana ba da ƙarfin doki wajen 130. Amma da suka sa shi a motar aiki, sai suka ƙuntata masa hanyar iska da gangan, ƙarfinsa ya dawo doki 91, saboda birkin motar da ƙafafunta ba a yi su domin irin wannan gudu ba. Kuma ba su bar masa tsohon giyabos ba. Sun kawo na Range Rover, wanda ke raba ƙarfi kullum tsakanin ƙafafun gaba da na baya, har sai da suka turo lagireto gaba domin a sami wuri. Dalilin haka sananne ne ga duk bakaniken da ya daɗe yana taɓa tsohuwar Land Rover: sandunan ƙarfe masu juya ƙafafun baya sukan karye ko da injinta na asali ne, idan direba ya saki kuloci da garaje alhali mota na da lodi. Ina ga an ƙara mata rabin ƙarfinta a kai?

A 1986 kuma kamfanin ya ɗora turbo a kan injinsa na man gas mai lita 2.5. Turbo wata na'ura ce da hayaƙin inji ke juyawa, ita kuma ta cusa wa inji iska, kamar yadda zugazugi ke hura wutar maƙera. Ƙarfi ya tashi daga doki 68 zuwa 85. Sun sake fistin, sun ƙarfafa wasu sassa, amma duk da haka injin ya yi ƙaurin suna wajen tsagewar fistin saboda zafi. Ba a huta ba sai da aka fito da 200Tdi, wanda aka sa a Defender a 1990, aka sake masa kai, aka sake yadda yake shan mai, aka kuma yi masa abin sanyaya iska kafin ta shiga. Shi ne ya ba da doki 107 lafiya lau. Mai karatu ya duba: kamfani ke nan mai injiniyoyi da wurin gwaji, ya sha wuya shekara huɗu kafin ya daidaita abin da bakanike ke cewa zai gama cikin mako guda.

Haka labarin yake wajen Toyota. A 1990 ta fito da inji biyu masu girma ɗaya, silinda 6, lita 4.2. Ɗaya shi ne 1HZ, ba shi da turbo, ƙarfinsa doki wajen 130, kuma direbobin hamada sun san shi da haƙuri da tsawon rai. Na biyu shi ne 1HD-T, mai turbo, ƙarfinsa ya haura doki 160. Wanda ya gan su daga waje sai ya ce turbo ne kaɗai bambancinsu. Alhali kuwa a ciki sun rabu: 1HZ yana matse iska wajen ninki 22, shi kuwa mai turbo bai kai ninki 19 ba, fistin nasu daban, kan injin daban, yadda mai ke shiga silinda daban. Toyota ta rage matsi a cikin mai turbo ne domin iskar da ake cusa masa ta sami wurin zama. Wanda ya ɗora turbo a kan 1HZ ya haɗa matsi biyu a wuri ɗaya ke nan. Akwai masu yin haka su zauna lafiya, amma waɗanda suka yi da ma'auni ne, suka taƙaita iskar, suka taƙaita man, suka kuma sa agogon da ke nuna zafin hayaƙi.

Inda asarar take fitowa

Ba a samun ƙarfi sai an ƙona mai. Daga cikin man da inji ke ƙonawa, wajen kashi ɗaya cikin uku ne ke zama tafiya, saura ya tafi a zafi, wani ta salansa, wani ta lagireto. In an ƙara ƙarfi an ƙara zafi, lagireto kuwa yana nan yadda aka auna shi wa tsohon inji. Fistin da alminiyon ake yin sa, shi kuwa alminiyon yakan narke a digiri 660, yakan kuma yi laushi tun kafin ya kai nan. A ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40 a inuwa, mota cike da lodi tana fama da rairayi a ƙaramar giya, ba iskar da ke bugun lagireto saboda rashin gudu, nan ne gaskit ke ƙonewa ko fistin ya tsage. Irin wannan ɓarna kuwa ba ta faruwa a ƙofar gareji. Tana jiran mota ne a inda aiki ya fi tsanani, nesa da gari, nesa da rijiya. Tsakanin Agadas da Balma tafiyar sama da kilomita 500 ce cikin hamadar Tenere, kuma a can mutuwar inji maganar ruwan sha ce da rai.

Sai birki. Ƙa'ida ce ta lissafi cewa idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da mota za ta ci kafin ta tsaya yakan ninka sau huɗu. Motar jeji doguwa ce, in an ɗora mata buhuna da mutane a bisa nauyinta yakan koma sama, ta fi saurin kifewa a kwana. Tsohon inji mai nawa shi da kansa linzami ne a bakin direba mai gaggawa. Mai mota da ke zaune a kanti, yaronsa ne ke bisa hanya, ya tuna cewa ƙarfin da ya saya ƙafar wani ce za ta taka shi.

Sai kuma mai da kayan gyara. Injunan man gas na zamani suna da ƙarfi ƙwarai ga ƙanƙantarsu. A 2007 Toyota ta sa wa Land Cruiser 70 inji mai silinda 8, lita 4.5, a 2023 kuma ta kawo mai silinda 4, lita 2.8, wanda ƙarfin dokinsa ya yi daidai da na babban, wajen 200. Amma kwamfuta ce ke auna musu mai, nozul nasu kuma ba ya haƙuri da ruwa ko ƙura. Wanda ke sayen mai a jarka a bakin hanya ya sani cewa tsohon inji zai sha ya yi tari ya wuce, na zamani kuwa zai iya tsayawa cak, bakaniken ƙauye kuma ba shi da na'urar da zai tambaye shi ciwonsa. Idan kuma injin na wata mota ce daban aka dasa, to mota ta zama ruwa biyu: bel na wannan kamfani, kuloci na wancan, mazaunin inji kuwa aikin mai walda. Ranar da wani abu ya karye, mai sayar da kayan gyara ba zai san abin da zai miƙo ba. In injin fetur ne babba, sai a haɗa da tsadar mai, domin tun da aka janye tallafi a Nijeriya cikin watan Mayu na 2023 kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. Bayan duk wannan, lambar inji tana rubuce a takardun mota. Wanda ya sake inji bai gyara takarda ba, bai kuma sanar da kamfanin inshora ba, ya ajiye wa kansa rigima.

Inda ƙarin yake da fa'ida

Ba a ce ƙari haramun ne ko'ina ba. Inji marar turbo yakan rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa duk mita 300 da ya hau, saboda iskar sama ba ta da kauri. Jos tana bisa wajen mita 1,200, watau mota takan isa can ta bar fiye da kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinta a ƙasa. Tsaunin Mambila ya fi haka tsawo. Ga mai bin waɗannan hanyoyi kullum da kaya, turbo yana mayar masa da abin da tudu ya ƙwace, kuma wannan hujja ce karɓaɓɓiya. Haka nan wanda injinsa ya riga ya mutu, ba makawa sai ya sayi wani, yana iya zaɓen mai ɗan ƙarfi. Sharaɗin shi ne ya nemi injin da kamfanin da kansa ya taɓa sawa cikin irin wannan mota, ya taho da shi tare da giyabos ɗinsa da lagireto da kuloci, ya kuma duba birki. In ya yi lissafin waɗannan duka, sau da yawa zai ga sayar da motar a sayi wadda aka ƙera da ƙarfinta ya fi sauƙi.

Abin da za a fara dubawa

Yawancin motocin da ake zargi da rashin ƙarfi, ƙarfinsu na asali ne ya zube. Matacin iska ya toshe da ƙurar hunturu, nozul ya gaji, bawul ya saki, zoben fistin ya cinye. Gyaran waɗannan bai kai kuɗin sabon inji ba, kuma yakan dawo da mota yadda take da ƙuruciya. Wasu kuma manyan tayoyi aka sa musu don ado, alhali babbar taya tana rage ƙarfin murɗawa da ke isa ƙasa. A cikin rairayi, direbobin hamada sun daɗe da sanin cewa rage iskar taya ya fi ƙara wuta amfani, domin taya takan baje ta hau bisa yashi kamar tafin raƙumi, mai ƙarfin inji kuwa in ya taka wuta rami kawai yake haƙa wa kansa. Daga ƙarshe sai lodi. Kowace mota akwai nauyin da aka rubuta mata, kuma wadda aka ɗora wa ninkinsa ba injin da zai raba ta da nishi, sai dai ciwon ya tashi daga inji ya koma sifirin da ƙafafu.

Hausawa sun ce garin neman gira akan rasa ido. Attajirin da ya gyara injinsa, ya daidaita tayoyinsa, ya rage buhu biyar daga lodi, zai yi sawu biyu inda ya so yin ɗaya, amma motarsa za ta kwana a gida. Wanda kuma hanyarsa tudu ce, ko injinsa ya riga ya ƙare, to ya ƙara, amma ya ƙara da ma'auni, ya kuma biya kuɗin sauran sassan da za su ɗauki ƙarin. Sannu ba ta hana zuwa. Haza wassalam.