Dokar Kuɗi Ta Sauya, Manhajar Banki Ta Kasa Ɗauka

A ranar 26 ga Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya, a ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tare da wa'adin daina karɓar tsofaffin. A Disamba ya ƙayyade abin da mutum zai cira a mako zuwa naira 100,000, da ƙorafi ya yi yawa ya mayar da shi 500,000. A Abuja umarni ne a takarda. A bankuna kuwa, kowane sauyi sai an sake saita ATM da POS da manhajar waya, kuma wa'adin da aka bayar bai isa a gyara a gwada ba.

Illar ta bayyana a garuruwa irin su Mawashi da ke ƙaramar hukumar Kusada, inda cinikin gero da wake da awaki ya ginu a kan kuɗi hannu. Da tsabar kuɗi ta ɓace a farkon 2023, sai kowa ya koma taransfa. Mai saye ya nuna wayarsa an cire masa kuɗi, mai hatsi ya duba tasa alat bai shigo ba, buhu na ajiye a tsakaninsu har la'asar. Manhajojin bankuna an gina su ne bisa lissafin cewa ƙananan cinikayya ba za su bi ta kansu ba, sai ga kuɗin tiya ɗaya ta gero yana bi ta nan. An ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Wasu za su ce matsalar ta rashin sabis ce a karkara, ko kuma mutanen ƙauye ba su iya waya ba. Gaskiya ne sabis na da rauni a wasu sassan Kusada. Amma da sabis ɗin nan masu POS suka riƙa aiki da OPay da Moniepoint, waɗanda tun asali aka tsara su don ɗimbin ƙananan biye-biye, shi ya sa jama'a suka koma gare su. Kuma a Kano da Legas, inda sabis ke da ƙarfi, taransfa ta riƙa maƙalewa.

Saboda haka laifin na waɗanda suka sauya tsari ne ba tare da la'akari da abin da manhaja za ta iya ɗauka ba. A ƙarshe dai, a ranar 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta ba da umarnin a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun.