Wa ya biya kuɗin yaƙi da wiwi a Arizona?

Duk lokacin da maganar wiwi ta taso a zangonmu, nan take jama'a ke rabuwa biyu: masu cewa a kama yaran a ɗaure, da masu cewa ai ganye ne kawai. Shi ya sa a wannan fitowar muka leƙa jihar Arizona ta Amurka, inda aka yi irin wannan gardamar a akwatin zaɓe, kuma aka ga hannun masu kuɗi a fili.

A watan Nuwamba na 2016 jihohi biyar suka kaɗa ƙuri'a kan halatta wa manya shan wiwi. Huɗu suka amince, Arizona kaɗai ta ƙi, da kashi 51 cikin ɗari. Manyan masu gabatar da ƙara na gundumomi a jihar, Sheila Polk da Bill Montgomery, su ne suka ja gaba wajen adawa. Hujjarsu ita ce tsaron yara da haɗarin tuƙi cikin maye. Mu ma ba mu raina wannan hujja ba. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa yawan shan wiwi tun da ƙuruciya yana ƙara haɗarin taɓin hankali, kuma akwai gidaje a cikinmu da suka san hanyar asibitin Pantang saboda shi.

Sai dai kamfe ba ya tafiya sai da kuɗi. Kamfanin sayar da taya na Discount Tire ya ba masu adawa dala miliyan 1. Masu son a sauya dokar suka fusata, suka yi ta yekuwa a Facebook cewa kowa ya daina sayen taya a shagunansa. Ƙauracewar ba ta sauya sakamakon zaɓen ba.

Sunan Insys Therapeutics ma ya fito a cikin masu zuba kuɗi. Wannan kamfanin magunguna ya ba da dala 500,000, yana cewa yara yake son karewa. To, me yake sayarwa? Wani magani mai suna Subsys da ake fesawa a ƙarƙashin harshe, wanda fentanil ne, ƙwayar da ta ninka mofin ƙarfi sau hamsin zuwa ɗari. An amince da shi ne don masu ciwon daji da zafi ya yi musu tsanani. A daidai wannan lokacin kuma kamfanin yana shirin fitar da Syndros, maganin sha da aka haɗa da kwaikwayon sinadarin da ke sa maye a wiwi. Wato wanda ya biya don a hana ganyen yana da nasa a kwalba. A 2019 kotu ta sami John Kapoor, wanda ya kafa kamfanin, da laifi a shari'ar ba likitoci cin hanci don su riƙa rubuta Subsys, daga baya aka yanke masa shekara biyar da rabi. Mu da muka ga abin da tramadol ya yi wa samarinmu, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Ɗaya ɓangaren ma ba sadaka yake yi ba. Masu shagunan wiwi na magani, waɗanda ke jiran kasuwa ta buɗe, suna cikin masu ɗaukar nauyin neman halattawar. A 2020 aka sake zaɓe, suka ci da kashi 60.

Nan gida Ghana, dokar 2020 ta buɗe ƙofar noman wiwi don masana'antu da magani. Kotun Ƙoli ta soke wannan sashe a 2022, majalisa ta maido da shi a 2023. Izinin ya tsaya ne kan irin da sinadarin mayensa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, kuma sai da lasisi. Wanda ake naɗewa a lungu ba ya ciki, har gobe ɗan sanda zai kama wanda ya same shi da shi.